In saki tsohuwar 5D in kama marar madubi kafin Sallah?

Moutari G/Malam:
Assalamu alaikum ƴan uwa masu hoto na Damagaram. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda zai ce mini "sayi duka biyun" ya kama bakinsa, aljihun bai kai nan ba.

Shekara huɗu ke nan ina aiki da kyamarar Canon 5D Mark II da na saya a hannun maigidan da ya koya mini sana'ar. Tare da ita akwai objektif, wato gilashin gaban kyamara, 24-105, da ƙaramin 50 ɗin nan f/1.8, batir uku, kartin ajiye hoto biyu. A hoto ba ta taɓa ba ni kunya ba. Amma makon jiya a wani biki a Sabon Gari, ƙanwar amarya ta ce in ɗauki bidiyon shigowar amarya. Na bi su tun daga zaure har tsakar gida. Da na koma na duba, fuskar amarya ta dushe tun daga bakin ƙofa, abin da ya fito tar shi ne bango da wata tsohuwa mai cin goro a baya. Wani yaro da ya zo da marar madubi ya nuna mini nasa, fuskar tana nan kamar an ɗaure ta da igiya.

An taya gangar jikin jaka 150, in da objektif duka jaka 400. Ina da 250 a ajiye. Me zan yi kafin Sallah?

Elh. Laouali Zango:
Wa alaikumus salam. Moutari ɗana, kafin a ruɗe ka, amsa mini wannan: cikin abin da ka samu bana, nawa hoto ya kawo, nawa bidiyo ya kawo?

Moutari G/Malam:
Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Gaskiya kashi uku cikin huɗu na hoto ne. Sai dai masu neman bidiyo kullum ƙaruwa suke, kuma in na ce ba na yi, sai su ɗauki wanda ke yin duka biyun, hoton ma ya kuɓuce mini.

Sanoussi Bidiyo:
Sayar da ita tun tana da mai taya. A 2008 fa aka fito da kyamarar nan. Yaron da aka raɗa wa suna a shekarar yanzu jarrabawar bak ta gama sakandare yake shirin rubutawa.

Habou Mirriah:
To sai me? Jakin da ke kai ka kasuwar Dole ka dawo, kana tambayar shekarunsa?

Mushe Issoufou:
Ku bar ni in yi ɗan darasi, tunda hutu ake ba ni da ɗalibai. Da yawa muna cewa mai madubi da marar madubi ba tare da mun san abin da madubin ke yi ba.

A cikin 5D akwai madubi a karkace a bayan objektif. Hasken da ya shigo yana bugun madubin, ya hau sama cikin wani gilashi mai kusurwa biyar, ya fito ta maleƙa zuwa idonka. Abin da kake gani ke nan, duniyar kanta, ba wuta ba batir. In ka danna, madubin ya ɗaga, labulen da ke bayansa ya buɗe, hasken ya faɗa kan sensa, wato farantin da ke ɗaukar hoton, madubin ya dawo. Ƙarar "kwarakwas" da kuke ji ke nan.

Inda matsalar Moutari take: na'urar da ke saita fokus a cikin 5D ba a kan sensa take ba, tana can ƙasan akwatin madubi, wani ƙaramin madubi ne ke aika mata haske. Da ka shiga bidiyo, madubin a ɗage yake zama, wannan na'ura ta makance. Shi ya sa kyamarar ba ta bin mutum yana tafiya, sai dai ka juya zoben da hannunka. Ba lalacewa ta yi ba, haka aka ƙera ta. Ita kuwa marar madubi, wuraren fokus ɗin a jikin sensa aka shuka su, ko hoto ko bidiyo suna gani.

5D Mark II wuraren fokus 9 gare ta, kuma na tsakiya ne kaɗai abin dogaro in haske ya yi ƙasa. Sony A7 III ta 2018 tana da 693. Wannan ba tazarar wasa ba ce.

Moutari G/Malam:
Mushe na gode. Wallahi na ɗauka hannuna ne ya mutu.

Mushe Issoufou:
Hannunka ma yana da nasa kason. Da kyamarar nan aka yi ta ɗaukar fina-finai a Turai da Amurka bayan fitowarta, amma su suna da mutum guda wanda aikinsa kawai juya zoben fokus. Kai kuwa kai kaɗai ne, kana tafiya da baya, yara suna bi ta ƙarƙashin hannunka.

Habou Mirriah:
Duk na ji. Amma ku da ke cikin gari ba ku san abin da ake kira batir ba. Ni aikina ƙauyukan bayan Mirriah ne, wani lokaci har wajen Magaria. In na fita Juma'a da safe sai Lahadi. Inda zan sauka babu wuta, sai mai sola guda ɗaya da wayoyin gari duka ke layi a teburinsa. Batir ɗin 5D a ma'aunin kamfani hoto 850 yake yi, a hannuna ya fi haka, saboda ba na yawan duba allo. Zan rataya ta a wuya a kunne tun hantsi har la'asar, ba abin da take ci sai na danna. Marar madubi kuwa ko leƙawa ka yi kana shan batir, domin maleƙar tata ƙaramin talabijin ce. Canon RP marar madubi, wadda ita ce kuɗin Moutari zai iya kaiwa, hoto 250 aka rubuta mata. Ɗari biyu da hamsin! Kafin a gama rabon goro ka canza batir.

Sanoussi Bidiyo:
Habou, ana cajin su da fawabank yanzu. Zamani ya wuce ka kana kan jakinka.

Habou Mirriah:
Fawabank ɗin da iska ake cika shi?

Ramatou Foto:
Sallama gare ku. Ina karantawa tun ɗazu, bari in sa baki tunda ni na yi ƙaurar da Moutari ke son yi. Da Canon 600D mai madubi na fara, yanzu shekara biyu ina riƙe da A7 III.

Maganar batir, Habou ya faɗi gaskiya rabi. Ƙananan ne ke da ƙaramin batir. Tawa hoto 600 da wani abu aka rubuta mata, kuma da batir biyu nake gama kamu da wuni. Ba ta kai 5D ba, amma ba abin kuka ba ne.

Abin da ya sa ba zan koma ba, ba fokus ba ne ma. Farar shadda ce. Duk wanda ya ɗauki ango da abokansa da ƙarfe sha ɗaya na rana ya san wannan azabar: riga fara fat tana walƙiya, fuska baƙa a ƙarƙashin hula. In ka bi rigar, fuska ta zama gawayi. In ka bi fuskar, aikin zaren da mutum ya biya kuɗi mai yawa a kai ya ƙone, sai farin fili kawai. Da 600D sai na danna, in sauke, in kare allon da mayafina saboda rana, in gyara, in sake. Kafin nan ango ya gaji da murmushi. Yanzu tun kafin in danna ina ganin hoton yadda zai fito a cikin maleƙa, kuma akwai wasu layuka da ke rarrafe a kan rigar in ta fara ƙonewa. Sai in rage haske har su ɓace, in ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da ba a matse ba, in ɗago fuskar a kwamfuta. Sensa na yanzu yana jure wannan ɗagowar. Na tsohuwar 5D in ka matsa masa a wurin duhu, sai ka ga ɗigo-ɗigo masu launi da layuka sun fito a kumatun mutum.

Sannan ɓangaren mata. Ku maza ba ku shiga ɗakin amarya ba. Ɗaki ne mai ƙwai ɗaya, an rufe taga, hayaƙin turaren wuta ya cika ko'ina, ƙawaye goma sha biyar. A nan kyamarar ke kama idon amarya ta riƙe, ni hankalina yana kan lalle da yadda gyale ya zauna. Amma Moutari ka sani, tawa a hoto take bin ido, a bidiyo fuska kawai take bi. Ya isa dai ga irin abin da ya same ka.

Moutari G/Malam:
Yaya Ramatou, kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Shaddar nan ta sa na taɓa maida wa wani ango rabin kuɗinsa.

Elh. Laouali Zango:
Ƴata Ramatou ta yi magana mai ma'ana, ba zan ƙaryata ta ba. Amma bari tsoho ya faɗi nasa.

Na fara wannan aiki da Yashica ta fim. Hoto 36 ne a cikin nadi guda, in ka gama ka ba direba ya kai Kano a wanke, ka jira kwanaki kafin ka san ko ka ci ko ka faɗi. A haka muka koyi karanta rana da ido. Ba ina cewa ku koma can ba, Allah ya kiyaye, wahala ce. Ina dai faɗa muku ne farar riga da baƙar fuska ba yau aka fara su ba. Ka ja ango zuwa inuwar zaure, ka juya masa baya ga rana, ka ba shi ɗan filashi a fuska. Shi ke nan. Wanda bai iya wannan ba, ko kyamarar miliyan uku ya riƙe, gawayi zai kawo.

Abin da nake tsoro da marar madubi a garin nan ƙura ce. Mu da muke cin hunturu wata uku, ka share teburi da safe, da azahar ka rubuta sunanka a kai da yatsa. In na cire objektif daga 5D, abin da ƙura za ta fara tararwa madubi ne, a bayansa labule a rufe, sannan sensa. Ranar da wani yaro ya buɗe mini tasa marar madubi a shago, na ga sensa tsirara a bakin ƙofa kamar faranti, sai da gabana ya faɗi. Kuma ka san ƙura ba ta nuna kanta a ɗaki. Sai ka fita filin Idi, ka tsuke objektif zuwa f/11, ka ɗauki sama, sannan za ka ga tabo-tabo kamar kashin ƙuda a kowane hoto, wuri ɗaya. Hoto ɗari huɗu, ka zauna kana gogewa ɗaya bayan ɗaya.

Mushe Issoufou:
Alhaji kun yi gaskiya, kuma ga lissafin. Daga bakin kyamara zuwa sensa, a tsohon tsarin Canon milimita 44 ne. A sabon tsarinsu na RF 20 ne, a Sony 18, a Nikon Z 16. Kusa take ƙwarai. Sai dai wasu, kamar Canon R da R6, suna sauke labule su rufe sensa in ka kashe su. RP ba ta yi. Wanda ke son ya san halin da tasa ke ciki, ya ɗauki farin bango a f/16 ya buɗe a kwamfuta. Ku ma masu madubi ku gwada, za ku sha mamaki.

Ramatou Foto:
Baba Alhaji, dabarata ita ce ba na canza objektif a waje ko kaɗan. In dole ce, in shiga ɗaki ko mota, in kashe ta, in kifa bakinta ƙasa. Ɗan famfon hura iska kullum yana jakata. Da baki kam ba a hurawa, yawu ya fi ƙura ɓarna.

Nura Kano:
Salamu alaikum mutanen Damagaram, baƙonku na Kano ya iso. Na ga ana ta zagaye, ba wanda ya taɓo kasuwa.

Sanoussi Bidiyo:
Ga Bakano nan, ya ji ƙamshin ciniki.

Nura Kano:
Ku da tun zamanin Sarkin Damagaram Kuran Daga ba ku daina zuwa Kano ɗibar kaya ba, yanzu dai da kuɗi kuke zuwa, alhamdu lillahi.

Moutari ka saurara. Kamfanonin nan sun riga sun juya. Panasonic ce ta buɗe hanyar da G1 a 2008, shekarar da aka haifi 5D ɗinka. Sony ta kawo mai babban sensa a 2013. Canon da Nikon suka biyo a 2018. Shugaban Canon da bakinsa ya ce 1D X Mark III ta 2020 ita ce babbar mai madubi ta ƙarshe da za su yi. Nikon ta fito da Z9 a 2021, ita ko labulen ƙarfen ma babu. Pentax ce ta tsaya kan madubi, kuma wa ka taɓa gani da Pentax a biki?

Wannan yana nufin abu biyu. Gangar jikin 5D kullum faɗuwa za ta yi, jaka 150 ta yau ba za ka same ta baɗi ba. Amma kuma lens ɗin EF na Canon mai madubi, wanda ku kuke ce wa objektif, yana ta sauka daga hannun Turawa da suka canza, yana araha. Tun 1987 ake ƙera su, sun cika duniya. To kuskuren da ba na so ka yi shi ne ka sayar da duka a 400, ka haɗa da 250 ɗinka, ka sayi gangar Sony, ka zauna da kyamara ba ido. In za ka ƙaura, ƙaura cikin gidanku. Canon marar madubi da adafta, lens ɗinka biyu su hau su yi aiki.

Moutari G/Malam:
Adaftar ba ta rage kyan hoto? An ce mini tana cin haske.

Mushe Issoufou:
Ba gilashi a cikinta, me zai ci hasken? Bututu ne mai tsawon milimita 24, wato 44 a cire 20, da wayoyin da ke isar da saƙo. Har ma za ka ga 50 ɗinka ya ƙara kaifi, domin a mai madubi in na'urar fokus ta ɗan goce da sensa, sai ka saita ido ta kama kunne. A marar madubi wannan gocewar babu ita. Mu ƴan Nikon ne ke da ɗan ciwon kai: adaftar FTZ ba ta juya tsofaffin objektif na AF-D, sai da hannu. Shi ya sa har yau nake riƙe da D750 ɗina, wadda ma batir ɗaya ke ba ta hoto sama da 1,200.

Habou Mirriah:
Nura, ka faɗi saye, ba ka faɗi gyara ba. Ranar da ta lalace fa?

Nura Kano:
Gaskiya ɗaya ce, tsofaffin sun fi sauƙin gyara a wajenmu, saboda gawarwakinsu sun yi yawa, a cire daga wannan a sa wa waccan. Labulen 5D Mark II an yi masa ma'aunin dannawa 150,000. Moutari ka duba naka nawa ya kai, wannan lambar ce za ta faɗa maka sauran kwananta, ba shekara ba.

Elh. Laouali Zango:
Kuma ku tuna Kano ba kullum take kusa ba. Da aka rufe iyaka a 2023, wata kyamarata tana can wurin gyara, sai da ta yi watanni ban sa ta a ido ba. Da ba ni da ta biyu, da shagon rufewa zan yi. Don haka ni ban yarda mai sana'a ya sayar da ta hannunsa don ya sayi wata ba. Ƙari ake yi, ba musanya ba.

Moutari G/Malam:
Na duba da kwamfutar wani abokina. Dubu 96 da ɗari biyu.

Habou Mirriah:
Ka ji. Jakin da sauransa.

Amma don kada a ce ina kare tsohuwa ido rufe, bari in faɗi inda ta cuce ni, ko in ce inda na cuci kaina. Ramin karti ɗaya gare ta, kuma CF ne, wanda yanzu sai ka zagaye kasuwa ba ka samu ba, SD kuwa ko mai shagon waya yana da shi. Bara na sayi wani a hannun wani mai tebur saboda araha. Ɗaurin aure guda, tun daga fatiha har kai amarya, na dawo gida kwamfuta ta ce ba komai a ciki. Uban ango dattijo ne, bai zage ni ba, cewa kawai ya yi "Allah ya sa haka ne mafi alheri." Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Har yau in na hango shi a kasuwar Mirriah sai in canza layi. Duk kyamarar da zan saya nan gaba, mai madubi ko marar shi, sai mai rami biyu.

Ramatou Foto:
Allah sarki Habou. To RP ta fita ke nan, rami ɗaya ce ita ma. A7 III da R6 ne masu biyu.

Sanoussi Bidiyo:
Tunda kowa na tona asirin tasa, ni ma bari in faɗi. Watan Mayun da ya wuce na yi aron wata marar madubi, ba zan faɗi sunanta ba, ina ɗaukar wa'azi a 4K a ƙarƙashin rumfar kwano. Ba a yi nisa ba alamar zafi ta fito, ta kashe kanta. Na koma ina yi mata fifita da murfin kwali, malam yana ta zuba. Da na duba littafinta, daga 0 zuwa 40 aka rubuta. Mu kuwa a watan nan 40 ai sanyin safiya ne. Tun daga ranar 1080 nake ɗauka in ba a ɗaki ba, kuma ba wanda ya taɓa ganewa, tunda ƙarshenta WhatsApp ne zai matse shi.

5D kuma nata ciwon daban: fayil ya kai giga 4 ta tsaya, wajen minti 12 ke nan. Ka ɗauki huɗuba da wannan ka gani.

Elh. Laouali Zango:
Ka ga maganar WhatsApp ɗin nan ita ce gaskiyar kasuwarmu. Hoton santimita 10 da 15 da muke wankewa mu sayar a wurin biki, Mushe megafiksel nawa yake buƙata?

Mushe Issoufou:
Megafiksel 2 da ɗan kai, wato ɗigon hoto miliyan biyu da wani abu, Alhaji. 5D tana da 21, R6 tana da 20. A nan kam ba wadda ta fi wata.

Sanoussi Bidiyo:
Wani abu kuma tunda Sallah Moutari ke hari. Kama fuskar nan da ake yabo, ranar hawa rikicewa take. Mahayi ya naɗa rawani, ya ja amawali ya rufe baki da hanci, ido kawai ya bari. Sai kyamarar ta bar shi ta tafi ta kama fuskar wani yaro a cikin ƴan kallo, ko dogarin da ke gefe. A ƙofar fada bara sai da na kashe abin na koma wuri ɗaya na tsakiya, irin na 5D ɗin da nake zagi. A hawan ƙaho ma haka, ga ƙura ta tashi, ga sa yana juyi, ga mutane suna gudu ta gabanka.

Nura Kano:
R6 Mark II ta 2022 an koya mata gane doki.

Sanoussi Bidiyo:
Dokin Turawa tsirara. A sa masa jalala da kayan ado na gidan sarki mu ga ko za ta gane shi.

Habou Mirriah:
Sanoussi yau kai ne ke kare jakina? Duniya.

Sanoussi Bidiyo:
Ban kare ba. A sakan ɗaya hoto 4 ba ta cikawa, ta Ramatou tana yin 10. In dawaki sun taso sukuwa za ka san bambanci.

Ramatou Foto:
Surutun ya isa haka. Moutari, ranar Asabar ba ni da aiki, in kana da biki zo ka karɓi tawa da objektif biyu ka gwada. Gani ya kori ji. Sharaɗi ɗaya: kada ka buɗe mini ita a tsakar gida.

Moutari G/Malam:
Yaya Allah ya saka da alheri. Ina da ɗaurin aure a Birni da safe, da wuni da dare.

Moutari G/Malam:
Jama'a na dawo da rahoto. Na rataya duka biyun, 5D a dama, ta Yaya Ramatou a hagu.

A masallaci na sa ta shiru. Wallahi abin daɗi, ana fatiha ina ɗauka ba wanda ya ɗago kai. Da 5D in na danna a irin wannan wuri har liman sai ya kalle ni. Bidiyon shigowar amarya kuma ya fito yadda nake mafarki, tun daga zaure fuskar tana riƙe, kuma hoton bai girgiza sosai ba duk da ina tafiya da baya.

Inda na sha kashi: da dare na manta ban cire shirun ba. An kunna janareto, an jera fitilun nan masu launi. Hotuna wajen talatin duk da layuka a kwance, haske da duhu, kamar an ɗauka ta bayan asabari. Allah ya so ni na riƙa ɗaukar kowace ƙungiya da 5D ma. Sannan hannuna bai san inda maɓallai suke ba. Uwar ango ta rungume amarya tana kuka, ni ina cikin menu ina neman inda ake canza ISO, wato ƙarfin karɓar haske. Wannan hoton ya wuce har abada.

Jiya na wanke guda ashirin, goma daga kowace, na baza wa maigidana a kan tebur. Ya ɗaga wannan, ya ajiye wancan, ya kasa raba su, sai guda biyu na ɗakin amarya da ya ce waɗannan ba 5D ba ce.

Mushe Issoufou:
Layukan nan ba laifin kyamara ba ne. A yanayin shiru sensa yana karanta hoton layi bayan layi daga sama zuwa ƙasa, fitilar kuma tana ƙyaftawa da sauri fiye da yadda ido ke gani. Wutarmu sau 50 take juyawa a sakan, don haka saurin ɗauka na 1/50 ko 1/100 kan rage abin. Amma janareto ba ya tsayawa kan 50 daidai, ƙananan fitilun adon nan kuma kowace da nata bugun. Da dare a koma labulen ƙarfe kawai.

Elh. Laouali Zango:
To ɗana, me ka yanke?

Moutari G/Malam:
Baba Alhaji, ba zan sayar ba. Sallah saura mako uku, ba a fafe gora ranar tafiya, ba zan shiga hawa da kyamarar da yatsuna ba su haddace ba. Bidiyon da aka ba ni na Sallah na miƙa wa Sanoussi, za mu raba. Jaka 250 tana nan, in ƙara da abin da Sallah ta kawo, in jira R6 ta hannu da adafta. RP ta fi kusa da aljihuna, amma labarin Habou ya hana ni barci. 5D kuma ta zauna ta biyu har labulenta ya gaji.

Nura, an ce batir ɗina na LP-E6 suna shiga R6, haka ne?

Nura Kano:
Suna shiga, suna aiki, sai dai ba za ta yi saurin harbinta duka da su ba, kuma ba za su daɗe kamar a 5D ba. Ka ƙara sabo ɗaya. In ta faɗo zan sa maka hotonta da ƙidayar labule kafin ka aiko ko dala.

Habou Mirriah:
In ka tashi sayar da karti CF ɗinka dai ni ne farko.

Moutari G/Malam:
Ai na ce ba na sayarwa, Habou.

Ramatou Foto:
Moutari, na ɗauki farin bango a f/16 yanzu. Tabo uku. A ina ka buɗe ta?

Moutari G/Malam:
Yaya, a zaure ne wallahi, ba tsakar gida ba.

Ramatou Foto:
Zauren da ba ƙofa. Gobe ka biyo da murfin objektif ɗina da ke aljihunka, ka zo ka ga yadda ake gogewa.